Manhajar da Ta Ci Kowane Gwaji, Ta Kusa Ɓata Sunan Mutum a Mile 12

A tsakiyar azumin 2024 Baffana ya kira ni bayan tarawihi, ya ce gobe in zo Ketu da kwamfutata. Aikina a Legas gwajin manhaja ne: a gina abu, ni in nemi inda zai karye kafin ya shiga hannun jama'a. Baffa bai damu da wannan ba, a wurinsa ni "mai kwamfuta" ne kawai. Abin da yake so shi ne in fitar masa da lissafin wata guda a takarda, domin zai kai ƙarar malamin lissafinsa gaban shugabannin kasuwa. Manhajar da ya biya kuɗi aka gina masa ta nuna giɓi mai kauri tsakanin abin da yaron ya karɓa da abin da ya miƙa. Ya riga ya karɓe wayar shago daga hannunsa, ya ce ya zauna a gida.

Da izinin Baffa na rubuta wannan, bisa sharaɗin ba zan ambaci sunan kowa ba, har masu ginin manhajar.

Baffa dillalin kayan gwari ne a kasuwar Mile 12. Tumatir da tattasai da attaruhu suna taso masa daga Kadawa da Kura da Ɗanja, su yi tafiyar kusan kilomita 1,000, su iso da dare. Kafin asuba 'yan dako sun fara saukewa, mata masu sari daga Mushin da Oshodi da Ikorodu sun kewaye mota. Kayan ba nasa ba ne. Sayarwa yake yi, ya cire la'ada, ya aika wa masu kaya kuɗinsu arewa. Rabin cinikin kuwa bashi ne: mace ta ɗauki kwando yau, ta kawo wani abu da yamma, ta cika jibi. Duk wannan yana cikin wani dogon littafi mai baƙin bango da malamin lissafin yake riƙe da shi, yaro ɗan garinmu da ya shekara bakwai a hannun Baffa.

Littafin ya isa har farkon 2023, lokacin da canjin takardun naira ya sa tsabar kuɗi ta yi wuya. Masu sari suka koma taransifa da POS, alat yana shigowa wayoyi uku, da sunayen da ba a san su a rumfa ba. Babban ɗan Baffa ya matsa a yi manhaja. Aka samo wasu samari biyu masu ƙaramin kamfani, suka zauna da Baffa a falonsa sau biyu, suka rubuta takardar buƙatu mai shafi huɗu, ya sa hannu. Takardar ta ce kowane ciniki a shigar da sunan mai saye, irin kaya, adadi, farashi, abin da aka biya da abin da ya rage, sannan a fitar da rahoto kullum. Kafin ƙarshen shekara an fara aiki da ita.

Dole in yi wa samarin nan adalci. Da na nemi ganin gwajin da suka yi, ba su ɓoye komai ba, kuma aikin ba na ha'inci ba ne. Sun rubuta ƙananan gwaje-gwaje masu gudana da kansu: idan an ninka adadi da farashi me ya fito, idan an biya rabi nawa ya rage, idan an bar gurbin farashi babu komai manhaja ta ƙi karɓa. Duka sun ci. A gabana suka sake kunna su, suka sake ci.

A sana'armu akwai tambayoyi biyu da masanin nan ɗan Amurka Barry Boehm ya raba su tun shekaru fiye da 40 da suka wuce. Ta farko: shin an gina abin daidai da yadda aka rubuta? Ita muke kira tantancewa. Ta biyu: shin abin da aka rubuta ɗin shi ne mai amfani yake buƙata? Wannan tabbatar da dacewa ce. Tela zai iya yi maka ɗinki mai kyau, kalmasa a miƙe, aljihu a daidai, duk bisa awon da ke takardarsa. Idan awon na maƙwabcinka ne, rigar ba za ta shige ka ba, kuma duk yawan duba ɗinkin ba zai nuna hakan ba sai ka saka. Manhajar Baffa ta samu rauni ta ɓangarorin biyu, sai dai rauni ɗaya ya fi ɗaya zurfi.

Na ce wa Baffa ba zan buga takardar ba sai ya ba ni abu uku: duk bayanan da ke cikin rumbun manhajar, littafin yaron, da dare ɗaya a rumfa. Bai ji daɗi ba.

"Kai ma kana ganin zalunci zan yi masa? Na'ura ce fa ta faɗa. Na'ura tana da dangi ne a kasuwa?"

"Allah ya ƙara maka lafiya, Baffa, ba ta da dangi. Amma mutum ne ya koya mata lissafi. Ka ba ni kwana uku."

Littafin ne ya fara ba ni mamaki. Tun da aka kawo manhaja an ce wa yaron ya ajiye shi, bai ajiye ba. Yana shigarwa a waya, yana kuma rubutawa a ɓoye, wai hannunsa ya saba. Da ya bi umarni, da babu abin da zan auna manhajar da shi.

Abu na farko bai ɗauke ni awa biyu ba. Na jera duk kuɗin da manhaja ta ce an karɓa, bisa lokaci, sai na ga tagwaye: suna ɗaya, kuɗi ɗaya, tazarar daƙiƙu kaɗan ko minti ɗaya. A littafi kuwa sau ɗaya aka rubuta. Kafin azumi tagwayen jefi-jefi ne, ɗaya a mako ko biyu. Daga Alhamis 14 ga Maris suka yi cincirindo. Duk wanda yake Legas zai tuna ranar: wayoyin intanet na ƙarƙashin teku guda huɗu, WACS da ACE da SAT-3 da MainOne, sun samu matsala a gaɓar Kodebuwa, manhajojin bankuna suka riƙa juyawa ba sa buɗewa, aka yi kwanaki sabis yana zuwa yana ɗaukewa. Kwana huɗu ke nan da fara azumi, lokacin da kasuwar gwari ta fi kowane lokaci zafi.

Ga yadda abin yake faruwa. Idan yaron ya danna "ajiye", waya tana aika bayanin zuwa uwar garke, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da rumbun bayanai, ita kuma ta amsa cewa ta karɓa. Idan saƙon ya isa amma amsar ta maƙale a hanya, waya ba ta da yadda za ta sani. Sai ta ɗauka bai je ba, ta sake aikawa. Uwar garke kuma ba a koya mata gane cewa wannan saƙon ta taɓa ganinsa ba, sai ta rubuta sabon layi. Takardar buƙatu ta ce kowane biya a rubuta shi sau ɗaya, don haka wannan karon gini ne ya saɓa wa takarda. An yi duk gwajin a ofis mai intanet mai ƙarfi, babu wanda ya gwada yanke sabis a tsakiyar aikawa.

Bayani da baki ba zai ratsa Baffa ba, gani ya kori ji. Na zaro takardar naira 1,000 na ba shi, na shigar a wayar shago, ina danna "ajiye" ina kashe data a take. Sau uku ban dace da lokacin ba. A na huɗu, da na kunna data, layi biyu suka fito.

"Baffa, nawa ne a hannunka?"

"Dubu ɗaya."

"To ga shi ta ce dubu biyu ka karɓa. Ina sauran?"

Ya daɗe yana kallon fuskar wayar, sannan ya ce in sake. Na sake.

A nan ni ma na yi nawa kuskuren. Murna ta ɗebe ni na ce masa an gano komai, yaro ba shi da laifi. Da na koma gida na cire tagwayen duka, sai na ga kusan rabin giɓin yana nan daram. Na kwana da nauyi a ƙirji, don na yi abin da nake hana ƙananan ma'aikata yi: samun dalili ɗaya, a ɗauka shi ne duka.

Sauran rabin sai a rumfa na same shi.

Na isa wajen ƙarfe uku na dare, Baffa ya sa aka kira yaron ya zo ya yi aiki kamar kullum ina gefensa. Ƙasa sharkaf da ruwan tumatir, janareto na ƙara, 'yan dako suna ihun a ba su hanya. Wata dattijuwa Bayarabiya, tsohuwar mai sari ce a wurin Baffa, ta nuna kwanduna shida, aka ɗora mata a baro, ta tafi. Ba a ambaci kuɗi ba. Na tambayi yaron nawa zai rubuta.

"Yaya, ai ba a yanke ba tukuna. Sai gari ya waye an ga motoci nawa suka shigo."

"To me kake sa wa a gurbin farashi?"

"Ba ta bari a wuce idan babu. Sai in sa na jiya."

Wannan ita ce cibiyar lamarin. A Mile 12, ga amintaccen mai sari, ɗaukar kaya daban, yanke farashi daban. Idan motoci sun yi yawa kasuwa ta faɗi, farashin ƙarfe tara ba shi ne na ƙarfe huɗu ba. Kuma ko an yanke, ba a gama ba. Wajen hantsi dattijuwar nan ta dawo da hoton gindin kwando biyu a wayarta, tumatir ya dame saboda nauyin na sama da zafin hanya. Aka yi ta ja-in-ja da Hausa da Yarabanci da Turancin kasuwa, Baffa ya yi mata ragi, kowa ya watse da dariya. Yaron ya buɗe littafi ya zagaye tsohon farashin, ya rubuta sabo a samansa, ya ja ɗan layi a gefe, alamar da bakin maigida aka yi ragin. A manhaja babu inda zai sa wannan. Ba ta da gurbin ragi, kuma an kulle farashi da gangan don kada ma'aikaci ya canza, abin da Baffa da kansa ya nema a falo.

A ce an shigar da kwando 6 a kan naira 30,000 kowanne, wato 180,000. Gari ya waye aka yanke 27,000, sannan aka rage 5,000 a kan kowanne daga kwando biyu da suka lalace. Matar ta biya 152,000 kuma ba a bin ta ko kwabo. Don ya rufe asusunta, yaron sai ya danna "an biya duka", saboda in ya bar shi a buɗe gobe za a tare ta da bashin da babu shi. Manhaja kuma ta rubuta ya karɓi 180,000. Naira 28,000 ta hau kansa a ciniki ɗaya, alhali kowane gwaji ya ci, har da wanda aka rubuta musamman don tabbatar da cewa ba a wucewa sai da farashi. Gwajin ya tsare dokar da ita kanta ba ta dace da kasuwar ba.

Da na tambayi Baffa me ya sa bai gaya wa samarin ba a yanke farashi a wurin ɗauka, sai ya kalle ni kamar na tambaye shi me ya sa ruwa yake jiƙa. "Ai kowa ya san wannan." Na sha jin wannan jumlar a wurare da yawa, daga asibiti har banki. Abin da kowa ya sani shi ne ba ya shiga takarda, domin mai sana'a ba ya ganinsa a matsayin bayani. Samarin kuma ba su taɓa taka rumfar kafin fitowar rana ba, kuma mutumin da zai riƙe wayar awa goma a yini ba a gayyace shi zaman falo ko sau ɗaya ba.

Akwai wasu ƙananan tangarɗa da ba su taɓa kuɗi sosai ba. Agogon uwar garke yana kan lokacin GMT, Najeriya kuwa tana gaba da awa ɗaya, don haka duk abin da aka shigar tsakanin sha biyun dare da ƙarfe ɗaya yana faɗawa rahoton jiya. "Kwando" kalma ɗaya ce a manhaja, a kasuwa kuwa akwai babba da ƙarami da kiret na roba. Wannan kam ba 'yan gwari kaɗai ya taɓa ci ba: a 1999 hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta yi asarar kumbon Mars Climate Orbiter saboda wani ɓangare na lissafi da ma'aunin Ingilishi, wani da ma'aunin mita. Sannan neman suna ba ya haɗa Ɗ da D, ko Ƙ da K, sai mutum ɗaya ya zama asusu biyu.

Abin da ya hana ni barci a kwanakin nan shi ne yadda rahoto ya zama shaida ba tare da kowa ya tuhume shi ba. Na ba Baffa labarin gidan waya na Birtaniya. Tsakanin 1999 da 2015 an gurfanar da fiye da mutum 900 masu kula da ƙananan rassa bisa zargin sata ko maguɗin lissafi, saboda manhajar Horizon ta kamfanin Fujitsu ta nuna giɓi a asusunsu. An ɗaure wasu, wasu sun sayar da gidajensu don cike kuɗin da ba su ɗauka ba. Sai a Disamban 2019 Babbar Kotu a Landan ta tabbatar manhajar tana da kurakurai da ke iya haifar da irin wannan giɓi. Ƙasa mai lauyoyi da masu binciken kuɗi ke nan. A rumfar gwari, inda jarin yaro shi ne a ce amintacce ne, zaman shugabanni ɗaya ya isa ya rufe masa ƙofar kowane dillali daga Mile 12 har Agege, labarin kuma ya riga shi isa gida.

Zama da samarin bai zo da sauƙi ba. Maganar tagwaye sun karɓa nan take, suka gyara kyauta cikin kwana biyu: yanzu waya ce take ba kowane shigarwa lamba ta musamman kafin ta aika, uwar garke kuma idan ta ga lambar da ta taɓa gani sai ta amsa "na karɓa" ba tare da ta sake rubutawa ba. Maganar farashi ce suka tirje, suka ce abin da aka sa hannu a kai suka gina. Gaskiya suka faɗa. Ni dai ra'ayina, wanda ya karɓi kuɗin gina wa kasuwa manhaja bai gama aikinsa ba idan bai je ya ga kasuwar tana ci ba, amma ba zan ce laifinsu ne su kaɗai ba, tunda mai sana'ar ne ya ba su awon. Aka raba: Baffa ya biya rabin kuɗin sabon aikin.

Wannan karon ba daga falo aka rubuta buƙatu ba. Mun ɗauki shafuka 20 na littafin, na ranakun da aka fi rikici, muka ce sharaɗin karɓar aiki shi ne a shigar da kowane layi yadda ya faru, jimillar manhaja ta yi daidai da ta littafi har kwabo. Daga nan buƙatun suka fito da kansu. A iya ajiye ciniki da alamar "ba a yanke ba". Ragi ya zama layinsa daban, da sunan wanda ya ba da izini da lokacin. Ba a goge komai, gyara sabon layi ne a ƙarƙashin tsohon, kamar dai zagayen da yaron yake yi da biro. Ranar kasuwa ta fara daga ƙarfe shida na yamma, ba tsakar dare ba. Kuma mai gwajin ƙarshe shi ne malamin lissafin, a kan wayar shago, ƙaramar itel mai tsagaggen gilashi, da ƙarfe huɗu na asuba, ɗaya daga cikin samarin yana tsaye a bayansa an hana shi magana. A daren farko kaɗai ya cika shafi guda da abubuwan da ya gani: madannai sun yi ƙanƙanta ga jiƙaƙƙen yatsa, jerin sunaye ba ya fara kawo waɗanda aka fi ciniki da su, kuma kalmar da suka fassara "saura" da ita yaron ya ɗauka tana nufin sauran kaya a mota.

Da na gama haɗa littafi da manhaja da bayanan asusun banki, wani ɗan kuɗi ya rage wanda ban iya danganta shi da komai ba, bai kai kuɗin kwando ɗaya ba a tsawon wata. Na faɗa wa Baffa haka ƙarara, ban ce na yaron ne ba, ban ce ba nasa ba ne. Baffa ya ce a littafin da ya riƙe da hannunsa shekarun baya ma ana samun fiye da haka.

Ba a kai ƙara ba. Baffa bai furta kalmar ban haƙuri ba, ba halinsa ba ne, amma ana jibi Sallah ya aika wa yaron shadda da kuɗin ɗinki, ya kuma miƙa masa wayar a gaban 'yan rumfa. Yaron ya karɓa, ya ce yana da roƙo ɗaya: a bar masa littafinsa. An bar masa, kuma aka tsayar cewa duk Juma'a bayan la'asar za a gwada jimillar biyun, rahoton manhaja ba ya zama hujja a kan kowa sai an yi wannan. Matsalar taransifa da ke shigowa da sunan ɗan mai sari ko na mai POS har yanzu da hannu ake warware ta: yaron ya kira lambar matar, ya tambaye ta ko ita ce ta turo, sannan ya liƙa kuɗin a asusunta.